Mamban Hukuma Ya Nemi Aikin da Hukumarsa Za Ta Bayar: Tambayoyin da Ake Yawan Yi

Duk lokacin da wa'adin wani shugaban makaranta ko cibiya ya kusa ƙarewa a garin nan, sai ka ji maganar ta taso, daga Samaru har Kongo har cikin birni: wai wane yana cikin masu zaɓe kuma shi ma ya sa takarda. Zariya gari ne mai hukumomi da yawa, ga jami'a, ga asibitin koyarwa a Shika, ga kwalejin jiragen sama, ga Nuhu Bamalli, ga cibiyoyin bincike, kowanne da majalisar gudanarwarsa, ballantana kwamitocin makarantun unguwa. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa aka tattara su wuri guda. Wannan ba shawarar lauya ba ce, in magana ta kai kotu a nemi lauya.

1. Wai takamaimai mece ce matsalar?

An naɗa mutum a hukuma ko kwamiti, cikin aikin da aka ɗora musu har da ɗaukar shugaba ko wani babban ma'aikaci, VC ne, wato shugaban jami'a, ko rakta ko rajistara ko hedimasta. Gurbi ya samu. Sai shi wannan mamban ya ce shi ma yana so. Daga wannan lokacin abu biyu ke jan sa, amanar da aka ba shi ta ce nemo wanda ya fi kowa, zuciyarsa kuma ta ce ai kai ne. Ko da mutumin kirki ne, babu yadda za a yi ya auna sauran masu nema da sikeli ɗaya da kansa.

Kuma ba sai ya yi maguɗi ba kafin a ce akwai matsala. Zamansa a wurin kawai ya isa. Wannan shi ne abin da mutane ke kasa ganewa, sai ka ji ana cewa "to me ya sata?" Ba a ce ya saci komai ba.

2. Doka ta hana ne, ko kawai mutane ke ƙyashi?

Kundin tsarin mulki na 1999, a Jadawali na Biyar, kashi na ɗaya, sakin layi na farko, ya ce jami'in gwamnati kada ya sa kansa a matsayin da buƙatarsa ta kansa za ta ci karo da aikin da aka ɗora masa. Shi ne ma layi na farko a duk ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, kafin maganar asusun ƙasar waje da bayyana kadara. Kashi na biyu na jadawalin ya lissafa waɗanda abin ya shafa, a ciki akwai shugabanni da mambobin hukumomin gudanarwa na hukumomin da doka ta kafa, da kamfanonin da gwamnati ke da rinjayen hannun jari, da duk ma'aikatan jami'o'i da kwalejojin gwamnati. Ke nan farfesan da ke zaune a kansil, wato majalisar gudanarwar jami'a, ba zai ce shi malami ne kawai abin bai shafe shi ba.

Amma a lura, sakin layin bai ce "kada ka nemi aiki" ba. Abin da ya hana shi ne haɗa biyun lokaci guda. Kana da 'yancin neman aiki kamar kowane ɗan ƙasa, abin da ba ka da shi shi ne riƙe kujerar mai zaɓe kana nema. Bayan wannan kuma kowace hukuma da dokar da ta kafa ta da ƙa'idojinta na cikin gida, wata ta fi wata tsauri, don haka farkon abin yi shi ne a nemo wannan dokar a karanta, ba a tsaya kan ji-ta-ji-tar majalisar mai shayi ba.

3. To idan shi ne ya fi kowa cancanta fa? Ba a cuci makarantar ba?

Yana iya yiwuwa, gaskiya sau da yawa ma haka ne, don wanda aka zaɓa ya shiga kansil ai ba ƙaramin mutum ba ne. Babu wanda ya ce a hana shi. Ya sauka, ya shiga layi, in ya fi su zai fi su a intabiyu. Wanda ya tabbata da cancantarsa shi ya fi kowa buƙatar sauka, don in ya ci yana kan kujera, shekara biyar zai yi ana cewa ba da guminsa ya samu ba, duk wanda ya hukunta sai ya tuna masa. Dubi tambaya ta 5 kan lokacin sauka.

4. Ai ya fita waje lokacin da ake maganar. Wannan bai wadatar ba?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, kuma a ganina amsar ita ce a'a, bai wadatar ba. Fita daga ɗaki na da amfani in abin ƙarami ne kuma na rana ɗaya, misali za a duba kwangilar da ɗan'uwanka ya nema, ka bayyana, ka fita, a gama ka dawo. Amma ɗaukar shugaba ba zaman rana ɗaya ba ne, wata da watanni ake yi, kuma yawancin ɓarnar tun kafin ranar ƙuri'a take faruwa. Wa ya rubuta tallar gurbin? Wa ya ce sai wanda ya yi shekara kaza yana farfesa, ko sai wanda bai wuce shekara kaza da haihuwa ba, ko sai wanda ya taɓa riƙe shugaban tsangaya ko darakta? Layi ɗaya a cikin talla zai iya kore mutum biyar masu ƙarfi ba tare da an ambaci sunan kowa ba. Wa ya raba maki, aka ce wallafe-wallafe kaza, gogewar mulki kaza, intabiyu kaza? In mutum na zaune a wurin duk lokacin da ake wannan, ya san inda makin yake, ya san abin da ciyaman ke so ya ji, ya san matsalar kuɗin da makarantar ke ciki wadda na waje bai sani ba, to fitar da zai yi ranar ƙarshe ta minti arba'in me ta gyara?

Na biyu kuma akwai kara. Ka kwatanta yadda abin ke faruwa: ciyaman ya ce "Farfesa, ka ɗan ba mu wuri", ya tattara fayil ɗinsa ya bar tabarau da hularsa a kan tebur, ya fita baranda yana danna waya. Mutanen da suka rage shekara uku suna zama da shi, sun je ɗaurin auren 'yarsa, ya yi musu ta'aziyya, an ci abinci tare a kowane zama, kuma sun san in an tashi za su haɗu da shi a sahun azahar. Wane ne zai buɗe baki ya ce wancan baƙon da ya zo daga Sakkwato ya fi shi? Ko ƙuri'ar sirri aka yi, mutum goma sha wani abu ne kawai, kowa ya san wanda ya yi wa. Mu nan mutane ne masu kawaici, abin alheri ne a zaman tare, amma a wajen zaɓe shi ne ke kashe adalci.

Kotuna ma ba sa tsayawa sai an tabbatar mutum ya yi son kai, abin da suke dubawa shi ne ko mai hankali da ke kallo daga waje zai ga alamar za a yi. A shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1986, an soke korar ɗalibai bayan tarzomar 1983, kuma cikin dalilan har da cewa mataimakin shugaban jami'ar, wanda tarzomar ta shafe shi, shi ya shugabanci kwamitin binciken. Ba maganar ɗaukar aiki ba ce, amma ƙa'idar ɗaya ce, ba ka zama alƙali a abin da kake da rabo a ciki.

5. To yaushe ya kamata ya sauka?

Kafin a fara rubuta talla. Ba ranar da aka rufe karɓar takardu ba, ba ranar da sunansa ya fito a shotlis, jerin waɗanda aka tace, ba. Ranar da aka sa maganar gurbin a ajanda, in ya san ransa na so, ranar ya kamata ya rubuta wa ciyaman. Wasu na cewa ai lokacin ban yanke shawara ba tukuna, daga baya jama'a suka matsa min. To, wanda ya zauna aka tsara ƙa'idoji da shi sai ya haƙura da wannan zagayen, jama'ar su jira na gaba.

A wasu wuraren har tazara ake sawa. Dokar jihar Masachusets a Amurka ta ce mamban hukumar gari ba zai samu aikin da ke ƙarƙashin hukumar ta hannun abokan zamansa ba, kuma ko ya sauka sai bayan kwana 30. Ni a wurina kwana 30 ya yi kaɗan ga babban muƙami, don zumuncin shekara uku ba ya hucewa a wata ɗaya, amma aƙalla sun gane cewa sauka yau a naɗa ka gobe wasa da hankali ne. Mu ma mun san irin wannan a siyasa: tsarin mulki ya ce ma'aikacin gwamnati ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe in zai tsaya takara, a 2022 kuma Dokar Zaɓe ta wannan shekarar a sashe na 84(12) ta hana masu muƙamin siyasa tsayawa ko jefa ƙuri'a a zaɓen fidda gwani suna kan kujera. Tunanin dai guda ne.

6. A jami'ar tarayya ya abin yake? Ai dole akwai farfesoshin gida a kansil.

Nan ne abin ya fi sarƙaƙiya, kuma tun da ABU, Jami'ar Ahmadu Bello, ce babbar ma'aikatar garin nan tun 1962, gara a yi bayanin tsarin. Dokar da ta tsara wannan ga jami'o'in tarayya ta 1993 ce, an yi mata gyare-gyare, mafi shahara shi ne na 2003 da ake kira dokar cin gashin kai. A kansil akwai uban majalisa wato ciyaman, da VC da mataimakansa, da wakilin ma'aikatar ilimi, da 'yan waje da gwamnati ke naɗawa, sannan mutum huɗu daga sanet (majalisar harkokin karatu), biyu daga kongirigeshan (taron ma'aikatan jami'a masu digiri), ɗaya daga konbokeshan (taron da ya haɗa da tsofaffin ɗalibai). Ka ga ke nan fiye da rabin masu zama a teburin 'yan gida ne, kuma da yawansu farfesoshi ne da suka cika sharuɗɗan zama VC. Wa'adin VC ɗaya ne na shekara biyar babu tazarce, na kansil shekara huɗu, don haka kusan kowace kansil ko dai ta yi zaɓen ko ta share masa hanya.

Dokar ta yi ƙoƙarin raba hannu. Kansil ke tallata gurbin ta fitar da shotlis. Akwai kwamitin lalubo 'yan takara, wanda mamban kansil da ba ɗan sanet ba ke shugabanta, da mutum biyu daga sanet da biyu daga kongirigeshan waɗanda ba sa kansil. Sai kwamitin zaɓe na haɗin gwiwa, uban majalisa ne shugaba, da 'yan kansil biyu da ba 'yan sanet ba, da farfesoshi biyu daga sanet waɗanda ba su shiga kwamitin lalube ba. Su ke intabiyu su miƙa suna uku, kansil ta ɗauki ɗaya ta sanar da shugaban ƙasa. Duk wannan rarrabawar don kada hannu ɗaya ya riƙe komai ne, amma ka lura farko da ƙarshe duk a teburin kansil suke, talla da shotlis a can, zaɓen ƙarshe ma a can. Ɗan kansil mai nema ko bai shiga ko ɗaya cikin kwamitocin biyu ba, yana zaune a bakin ƙofar shiga da ta fita.

Na sanet da na kongirigeshan zaɓo su aka yi, za su iya ajiye kujera a zaɓi wasu, babu wahala. Mataimakin VC shi ne mai wuyar sha'ani, don muƙaminsa ne ya sa shi a kansil, kuma galibi shi ake ganin magaji. Mafi ƙarancin abin da ya kamace shi shi ne ya bayyana a rubuce tun farko, a daina aika masa duk takardar da ta shafi zaɓen, kada ya halarci ko ɓangare ɗaya na zaman da za a taɓo maganar, kuma a rubuta haka a minit, wato rubutaccen rahoton taro, kowane zama.

7. Mai riƙon ƙwarya fa?

Shi kam an riga an yi magana. A watan Afrilun 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta fitar da tsarin cewa mai riƙon ƙwaryar VC ko rakta ko furobos (shugaban kwaleji) a makarantun tarayya ba zai nemi kujerar dindindin yana riƙe da ita ba, in yana so sai ya sauka kafin wata shidan riƙon su cika. Dalilin da aka bayar shi ne masu riƙon na amfani da kujerar su karkata zaɓen. Wannan ya zo ne bayan rigingimun naɗi a wurare daban-daban, misali a Nuwamban 2024 gwamnatin tarayya ta rushe kansil ɗin Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka ta cire VC ɗin da suka naɗa. In mai riƙon wata shida ya zama dole ya sauka, ban ga hujjar da wanda ya shekara uku a kansil zai kawo ba.

8. Sakataren hukumar ba shi da ƙuri'a, shi ma ya shafe shi?

Sosai ma. A jami'a rajistara ne sakataren kansil, a hannunsa takardun masu nema ke sauka, shi ya san wanda takardarsa ta iso a makare da wanda shafi ɗaya ya ɓace a tasa, shi ke rubuta minit. Wanda ke riƙe da fayil wani lokacin ya fi mai ƙuri'a ƙarfi. In mai riƙon rajistara ko mataimakinsa na neman kujerar, wani daban ya kamata ya karɓi takardu ya yi sakatancin wannan aikin.

9. Ba shi ke nema ba, ƙaninsa ne, ko surukinsa, ko ɗalibinsa.

Nan ba sai ya sauka daga hukumar gaba ɗaya ba, amma dole ya bayyana ya cire hannu daga duk matakan wannan gurbin, ba ranar intabiyu kaɗai ba, saboda dalilan da ke tambaya ta 4. Dokar ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, ta 2000 a sashe na 19 ba ta tsaya kan mutum kansa ba, ta ce duk jami'in da ya yi amfani da muƙaminsa ya ba kansa ko ɗan'uwansa ko na kusa da shi wata fifikon da bai dace ba ya yi laifi.

Tambayar da ke biyo baya kullum ita ce, a Zariya wa ba ɗan'uwan wani ba ne? Gaskiya ne, in aka ce duk wanda ka sani sai ka fita, ɗakin zai zama babu kowa. Tare kuka yi Barewa ko Alhudahuda, unguwarku ɗaya a Tudun Wada, wannan ka faɗa kawai a rubuta, sauran mambobi su yanke. Amma ɗa, mata ko miji, wa da ƙane, suruki, abokin kasuwanci, wanda kake bi bashi ko yake bin ka, wanda ka duba digirinsa na uku kuna wallafa takardu tare har yau, waɗannan babu jayayya. Haka ma wanda kuke gaba da shi, don ƙiyayya ma tana karkata sikeli kamar soyayya, sai dai ita ba a cika bayyana ta ba.

10. Addini ya ce wani abu kan wannan?

Malamai sun fi ni, amma akwai abin da kowa ya sani. Hadisin Abdurrahman bn Samura da ke Bukhari da Muslim ya yi gargaɗi kan roƙon shugabanci, cewa wanda aka ba don ya roƙa za a bar shi da abinsa, wanda aka ba bai roƙa ba za a taimake shi. Masu nema kuma su kan kawo Annabi Yusuf, alaihis salam, da ya nemi a ɗora shi kan taskokin ƙasa. To amma a lura, sarki ya gaya wa, mai ikon naɗawa wani ne daban, ba shi ke zaune cikin masu yanke hukuncin ba.

Misalin da ya fi kama da maganarmu shi ne shawarar mutum shida da Sayyidina Umar ya bari: Usman, Ali, Ɗalha, Zubair, Sa'ad da Abdurrahman bn Auf, Allah ya yarda da su. Kamar yadda ya zo a Bukhari, Umar ya ce ɗansa Abdullahi ya halarta amma ba shi da rabo a mulkin. Sannan Abdurrahman bn Auf bai karɓi aikin tantancewa ba sai da ya cire kansa daga nema.

11. An ce ko a sarauta haka ake yi?

Tsarin Zazzau ya raba su. A 2020, gidajen da ke neman sarauta daban, Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa, masu zaɓen sarki kuma daban: Waziri, Limamin Juma'a, Limamin Kona, Makama Ƙarami da Fagaci. An yi muhawara mai zafi a 2020 bayan rasuwar Sarki Shehu Idris, amma duk zafinta ba a ji ɗaya daga masu zaɓe ya sa sunansa a takardar da za a kai wa gwamna ba. Wannan ko a mafarki ba a yi.

12. Namu ba na gwamnati ba ne, kwamitin Islamiyya ne ko ƙungiyar ma'aikata ta adashi. Ya shafe mu?

Kotun ɗa'ar ma'aikata ba za ta zo muku ba, amma rigimar da za ta biyo baya ta fi ta gwamnati muni, don ku a unguwa ɗaya kuke. Abin da aka saba gani shi ne, makaranta ta girma, kuɗin wata ya fara shigowa, aka ce a ɗauki hedimasta mai albashi, sai sakataren kwamiti da ya yi shekaru yana wahala kyauta ya ce ai shi ya fi dacewa. Wataƙila ma ya fi ɗin. Amma gobe wa zai tambaye shi lissafi? Kwamitin da ke sa ido a kansa shi ne sakatarensa, shi ke kiran miting, in bai kira ba babu zama.

Ku rubuta a tsarin mulkin ƙungiyar tun babu gurbi, lokacin da maganar ba ta nufin kowa: mamban kwamiti ba ya karɓar aikin albashi a ƙarƙashin kwamitin sai ya sauka, tazara wata kaza, kuma wanda aka ɗauka ba ya riƙe ƙuri'a a kwamitin da ke yanke albashinsa. In kuka bari sai wani ya nuna sha'awa sannan kuka kawo dokar, zai ce don shi aka yi, kuma da gaskiyarsa.

13. Ni mamba ne, abokin zamana ya sa takarda ya ƙi sauka. Me zan yi?

Fara da shi, ku biyu, ba a gaban jama'a ba. "Ranka ya daɗe, ni ina tsoron kada a ɓata maka suna ne, in ka ci a haka za a kai ƙara." Da yawa a nan ake gamawa, don ba a tozarta shi ba. In ya ƙi, ka gaya wa ciyaman, sannan ka tada maganar a zama ka nemi a rubuta a minit da sunanka. Ka duba minit ɗin a zama na gaba kafin a amince da shi, a ga an rubuta wa ya bayyana me, ƙarfe nawa ya fita, ƙarfe nawa ya dawo, su wa suka rage, kuma ko waɗanda suka rage sun kai adadin da zama ke halatta da shi. Wannan na ƙarshen mutane na mantawa, in uku suka fita saboda suna nema, mai yiwuwa sauran ba su isa yanke komai ba.

In ciyaman ɗin ne da kansa ke nema, ko shi ke tura yaronsa, to magana ta wuce ɗakin, sai a rubuta wa wanda ya naɗa hukumar, ma'aikatar da ke sama ko gwamnatin jiha. Ka ajiye kwafin duk abin da ka rubuta.

14. Na nemi aikin, aka ba ɗan hukumar. Ina zan kai kuka?

Kafin kuka, tattara hujja. Kwafin tallar, ranar da ta fito, jerin mambobin hukumar a wannan lokacin, ranar da mutumin ya sauka in ya sauka. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka damar neman takardu a rubuce daga hukumar tarayya, kuma kwana 7 aka ba su su amsa, duk da za su iya riƙe abin da ya shafi sirrin wasu mutane. Ka nemi minit ɗin zaman da aka amince da talla, nan ne za ka ga ko yana wurin. Kada ka fara da Facebook, in ka kira mutum ɓarawo babu takarda a hannunka kai za a kai ƙara.

Sai koke a rubuce ga hukumar kanta da ma'aikatar da ke sama da ita. Bayan nan akwai Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, ita ke karɓar ƙorafin karya Jadawali na Biyar, akwai ICPC, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa tun 1975, kuma ba a biyan ko sisi wajen kai musu. In kotu za ka je kada ka yi jinkiri, akwai dokar kare jami'an gwamnati mai maganar wata uku, lauyoyi na jayayya kan inda ta shafa da inda ba ta shafa ba, amma gara ka shigar da wuri da a yi wannan jayayyar a kanka. Ka sani kuma ko ka yi nasara, abin da aka fi samu shi ne a soke naɗin a sake tsari, ba a miƙa maka kujerar ba.

15. Wane hukunci ke kan wanda ya yi?

Kotun Ɗa'ar Ma'aikata za ta iya raba shi da kujerar, ta hana shi riƙe muƙamin gwamnati har zuwa shekara 10, ta kuma ƙwace dukiyar da ya samu ta hanyar cin amanar ofis. Sashe na 19 na dokar ICPC da aka ambata a tambaya ta 9 ɗaurin shekara 5 ne babu zaɓin tara. A aikace abin da aka fi gani shi ne irin na tambaya ta 7, a rushe hukumar gaba ɗaya, har waɗanda suka yi shiru kawai su tafi tare da mai laifin.

16. Ya sauka, ya nema, bai samu ba. Zai iya komawa kujerarsa?

In murabus ya yi, kujerar ta tafi, sai dai a sake zaɓensa ko naɗa shi ta hanyar da aka bi tun farko. Shi ya sa wasu ke rubuta "na jingine kujerata na ɗan lokaci" maimakon murabus, wato ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Matsalar ita ce in ya dawo zai zauna yana sa ido kan mutumin da ya kayar da shi, shi zai duba kasafin kuɗinsa, shi zai ji koken da aka kawo a kansa, duk abin da ya faɗa ko gaskiya ne za a ce haushin faɗuwa ne, in kuma ya yi shiru don gudun a ce haka, to bai yi aikin da aka zaɓe shi dominsa ba. Waɗanda suka zaɓe shi tun farko, sanet ne ko iyayen yara, su cike gurbin da wani tun ranar da ya miƙa takarda, shi kuma in wa'adi ya zagayo ya sake tsayawa a gabansu.